Lambar Da Ka Sa Wa Gangunana

Zuwa ga ƙanena Shafi'u, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka lahiya kai da iyalinka, ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar da nij ji kana fama da shi. Mu nan Wurno sai godiya. An yi girbin gero a Lahodu, Nana ta haihu namiji an sa mishi Uwaisu, albasar Lukman kuwa ta fara kai. Jikata Surayya ke rubutu, ni ke faɗi, kuma na hana ta gyara mini magana.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina tambayarka abu guda ba ka amsa ba. Takarda huɗu na aika maka. In na kira waya sai ka ce layi bai da kyau, layin da bai lalacewa sai na kawo zancen ganguna. To, yau zan maimaita, kuma da kai sama zan maimaita.

Ka tuna sa'adda mu masu fenti na Wurno da Rabah da Goronyo munka haɗa kai, ina shugabansu, munka yi odar ganga goma sha biyu ta farar tina daga Kwatano, ruwan nan da muke tsinka fenti da wanke burushi da shi. Kai ne ɗan boko, kai ne ejan mai fiton kaya, sai na ba ka aikin takardun shigowa. Kana cika su a zauren Baba na tsaya bisa kanka, nac ce ka duba da kyau, wanga abu ba fetur ba ne, ba kananzir ba ne. Kay yi dariya, kac ce duk man ƙasa ne, in bar ka da alƙalaminka in koma ga burushina. Kas sa wa kayan lambar fetur. A kan iyaka anka ga fetur a takarda, anka nemi lasisin shigo da fetur, babu. Su 'yan kwastan ba su da laihi, abin da kar rubuta sunka karanta. Anka ƙwace kaya, kai ka koma Legas, ni anka bari da mutanen gari.

Ka san mi anka ce? Wai na ɓoye fetur na fasa-ƙwauri cikin kayan jama'a. Iliyasu na Goronyo yat tashi gaban taro yac ce a sauke ni, anka sauke ni. Har a majalisa ana kirana Halilu Mai-ganga. Matata Uwaliya ta yi shekara biyu ba ta zuwa biki saboda kallon mata, kuma har Allah ya karɓi abinshi ba ta ji an wanke mijinta ba.

Yanzu saurara. Bana Mainasara ɗan Iliyasu, wanda ke riƙe da ƙungiya, yay yi odar irin kayan nan, anka aiko da kwalbar samfur. Surayya da ka sani goye yanzu tana aiki a ofishin masu fiton kaya a Sakkwato, takardun sunka faɗo hannunta. Maigidanta na ofis yana shirin sa lambar kananzir don ruwan ya yi mishi kama da shi. Ita kuwa tun tana ƙarama take jin mitata, sai tac ce a dakata a tambayi kakanta. Ta zo ta yi mini bayanin littafin lambobin kwastan ɗin nan da ka hana ni ko taɓawa. Wai fetur da farar tina gida guda suke, farkon lambarsu ɗaya, amma kowa da ɗakinshi: wutsiyar lamba daban, kuɗin fito daban, izini daban. Wai ana rarrabe su da zahin da kowane ke tafasa da saurin kama wuta. Nac ce mata ashe mai littafin ma ya san abin da hannuna ya sani tun ban yi gemu ba.

Mainasara bai yarda zan iya rarrabe su ba, jinin Iliyasu ne. Ranar kasuwar Goronyo yat tara masu fenti a rumfarshi, bayan 'yan albasa, yaj jera kwalaben magani ukku masu duhu, babu suna, yac ce Baba Halilu ya nuna. Nac ce ko sunsunawa ba zan yi ba, a ba ni farar takarda. Na ɗiga kowace. Ta farko ta bushe kahin in gama Ƙulhuwallahu, nac ce fetur. Ta biyu ta zauna da tabon maiƙo, nac ce kananzir, ku dawo gobe za ku iske shi. Ta ukku ta ɗauki kamar tsawon alwala sannan ta tahi ba ta bar ko alama ba, nac ce ga tinarku. Iliyasu na zaune bisa benci da sandarshi, yac ce sa'a ce. Sau ukku anka juya kwalaben ina kallon bango, sau ukku na faɗa daidai. Duk da haka sunka aika samfur ɗakin gwaji a Kaduna. Bayan sati biyu sakamako ya dawo da hatimi da Turanci mai yawa, kuma da Surayya ta fassara, maganata ce tsaf. Tas sa lambar da ta dace, ganga ashirin sunka ƙetare iyaka da rana tsaka sunka sauka Goronyo.

Ranar sauke kaya na tahi da tsohuwar takardarka, wadda Uwaliya ta ajiye mini cikin adakarta. Surayya ta karanta lambar da da ta yanzu, kowa ya ji inda wutsiya ta saɓa. Da ta gangaro wurin sunan wanda ya sa hannu, na dahe shi da babban yatsana, nac ce iya nan. Iliyasu ya dogara sanda yat tashi, yak kama hannuna yac ce, "Halilu, mun zalunce ka, ka yahe muna." Na yahe mishi, amma sai da na sa ya maimaita, don na baya ba su ji ba. Sun naɗa ni uban ƙungiya, Mainasara da kanshi ya maido ni Wurno a gaban mota, kuma na sa ya bi ta bakin majalisa a hankali.

Ka gaishe da matarka Fatsuma, da jikokinka Khalid da Mashkura, ka ce kakansu na nan da ƙarhinshi. Yayarmu Bara'atu ta Maikujera na gaishe ka, tac ce in bi ka sannu, nac ce na ji.

Na ruhe sunanka gaban kasuwa, Shafi'u, saura ni da kai. Ba ganga nake nema ba, ba waya nake so ba. Ka ɗauki alƙalamin nan da ka ce in bar ka da shi, ka rubuto mini amsa da hannunka: ranar nan a zauren Baba, wa ke da gaskiya? Goronyo ta amsa, Kaduna ta amsa. Kai nake jira.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Halilu mai fenti, Wurno.