An Tambaye Ni Halin Abokina, Na Sunkuyar da Kai

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe, domin ni ma ban raga wa kaina ba.

A Talata Mafara nake, na gama jami'a, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ina da amini ɗan Maradun, bari in kira shi Bello, ɗaki ɗaya muka zauna a makaranta, kwano ɗaya muka ci. Yana neman wata yarinya a Bakura, magana ta yi nisa har danginta sun fara bincike. Ranar kasuwar da ta wuce ta sama, wani dattijo ya same ni a ƙofar shagon yayana, ya ce shi kawun yarinyar ne. Bayan mun gama gaisawa ya ce, "Malam, an ce kai ne amininai. Tsakaninka da Allah, mi ka sani ga halin wanga yaro?" Ni kuwa mutum ne mai tsoron yanke magana, abokaina ma Malam Wataƙila suke ce mini. Da na ji ya ambaci Allah sai na shiga lissafi. Na tuna Bello yana da saurin fushi, na tuna ya taɓa shan sigari ya daina tun muna aji biyu. In faɗa? In ɓoye? Sai na sunkuyar da kai ina juya makullin babur, na ce, "To, Baba, ni dai a iya sanina... amma ka san ba a shiga zuciyar mutum." Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gane, ɗana. Allah shi yi albarka." Ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba.

Yana tafiya yayana ya hau ni da faɗa. "Kai, ka kashe yaron nan! Namiji in an tambaye shi halin abokinsa, ko ya ɗaga kai ya ce na yarda da shi, ko ya faɗi aibin a fili. Wannan noƙe-noƙen naka, tsoho zai ɗauka abin ya fi ƙarfin a faɗa." Na ce ai ban ce komai ba. Ya ce, "Shi ne laifin naka, mai digiri."

Haka kuwa aka yi. An aika wa iyayen Bello cewa a dakata tukuna, ba a ba su dalili ba. Shekaranjiya Bello ya zo wurina duk ya rame, ya ce, "Mutumina, wani munafuki ya ɓata ni a Bakura. Juma'a za ka raka ni wurin kawun nan, kai kaɗai ka san ni ciki da waje, kai za ka wanke ni." Ni kuma, don rashin kunya, na ce Allah ya kai mu.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Ina gaya wa kaina tsoron shaidar zur ne ya riƙe mini baki, kuma ina jin akwai gaskiya a ciki. Amma anya shi kaɗai ne? Bello ya samu aikin gwamnati, ni ban samu ba, ga shi zai riga ni aure. Ba zan iya rantsewa babu wannan a raina ba, kuma shi ya fi ba ni kunya. In na je Bakura ni kaɗai na gyara magana, wa zai yarda da mutumin da ke da baki biyu? In na gaya wa Bello, wataƙila na rasa shi har abada. In kuma na yi shiru na bi shi, dattijon nan yana ɗaga ido zai gane ni, a gaban Bello.

Jibi ne Juma'a, kuma Bello ya ce shi zai biyo ya ɗauke ni. Jama'a, don Allah, me zan yi?