Allurar Fusena da Ƙwayar Asana

Nima, Accra
9 ga Yuni, 1967

Yaya Damata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafar tata? Mu nan lafiya lau, yanzu dai.

Makon jiya tagwayena suka kamu da wani tari mai kama da haushin kare, numfashinsu yana ƙara kamar usur. Babansu ya kai kaya Kumasi, sai na goya Asana, na rungumi Fusena muka nufi asibiti.

Likita ya ce maƙogwaro ne ya kumbura. Aka daka wa Asana ƙwaya a cokali, Fusena da ta kasa haɗiya aka yi mata allura. Na ce, "Likita, wanne ya fi?" Ya ce dangi ɗaya ne, in zuba ido.

Fusena ta fara samun sauƙi, washegari Asana ta biyo ta. Alhamdulillahi, yau har faɗa suka yi a kan koko, na zauna ina ta dariya.

Ki aiko mini da daddawa, Allah ya bar zumunci. In za ki ba Inna labarin nan, don Allah ki fara da cewa sun warke.

Ƙanwarki,
Lamisi