Injin ruwana ya tsaya, kunnena bai ji ba

Malama Kao, don girman iyayenki ki taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa maganar nan ba tare da ya dube ni da idon tausayi ba.

Shekaruna saba'in da huɗu. Ni kaɗai nake zaune a gidanmu na garin Chiayi tun rasuwar mai ɗakina. 'Yata tilo, Wan-ju, tana Taipei da mijinta. Da na bar aiki a masana'antar ƙarfe sai na haɗa ɗan lambu a saman bene: tankin karfasa a ƙasa, akwatunan tsakuwa a kan kanta, inji yana tura ruwan kifi zuwa wurin ganye, ganye ya sha taki, ruwan ya gangaro wa kifi a tace. Latas, albasa, ɗaɗɗoya. Rabi ma maƙwabta ke kwashewa. Shi ne dai abin da ke fitar da ni daga gado da safe.

Injin farko ta intanet na saya, mai araha, bai ga damina biyu ba. Na biyun a shagon masu kifin ado na samo. Mai shagon har da buga ƙirji, wai "Kawu, wannan sai jikokinka sun gaje shi."

Watan jiya, ranar da ake tsananin zafi, na hau na ba kifi abinci, na je na ci shinkafa da naman talo-talo inda na saba, na dawo na kunna talabijin. Tagar falona tana daidai ƙarƙashin tankin, kuma shekara da shekaru ƙarar zubar ruwan ce ke gaya mini komai lafiya. Ran nan inji ya tsaya ban sani ba. Maƙwabciyata Madam Liao ta hau benenta shanya, ta hango kifi sun juyo ciki sama. Ta danna ƙararrawa, ta buga ƙofa, ta kira wayata, shiru, ga talabijin tana ta ihu a ciki. Sai ta kira Wan-ju, ita kuma ta kira mai unguwa. Aka zo da mai gyaran makulli, layi ya cika da 'yan kallo, aka buɗe ƙofa aka same ni zaune ina ɓarar gyaɗa. Wan-ju tana cikin jirgin ƙasa tana tahowa aka gaya mata ina raye.

Karfasa kaɗan suka tsira. Da na buɗe injin, saiwa da kashin kifi ne suka shaƙe farfelar. Amma abin da ya fi ci mini rai, da na gyara shi na sauko falo na kasa kunne, ban ji komai ba. Ashe na daɗe ba na jin ruwan nan. A kaina kawai nake jin sa.

Wan-ju ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna ta ce, "Baba, yau kifi ne. Gobe tukunya ce a kan gas." Ta ce ta gyara mini ɗaki a gidansu, hawa na goma sha huɗu, tagar ma ba ta buɗuwa sosai. Na yi gardama har muka tsaya a kan cewa in aka sake samun wani abu kafin bikin cikar wata na kaka, zan tattara in bi ta.

Yanzu ga lokacin guguwa ya shigo, wuta na iya ɗaukewa kowace rana. Ina wuni a kan matakala, hawa da sauka, gwiwoyina sun kumbura. Ki gaya mini sunan injin da ba ya mutuwa, ko nawa ne zan saya. Kada ki ce mini in je asibiti, na gaji da jin wannan.

Mai karfasa, Chiayi

*

Kawu mai karfasa,

Injin da ba ya mutuwa babu shi, duk wanda ya ce maka akwai, kayansa yake son sayarwa. Abin da ake yi shi ne a shirya wa ranar mutuwarsa.

Sayi matsakaita biyu maimakon babba ɗaya, su yi aiki tare, kowanne da bututunsa da soket ɗinsa. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ya riƙe. Kada lambar da aka rubuta da manyan baƙi a kwali ta ruɗe ka. Wannan ƙarfinsa ne in ba hawa ruwan zai yi ba. Auna tsayi daga tanki zuwa akwatin ƙarshe, ka tambayi yawan ruwan da yake kaiwa wannan tsayin. Ana so ya juya ruwan tankin duka cikin awa guda. Ka saya a shagon da ke kusa da kai, wanda ke sayar da farfelarsa daban. Ɗora kowanne a kan bulo don kada ya zauna cikin dauɗa, ka sa shi cikin raga, ka riƙa wankewa duk mako. Ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka makashin da ke yanke wuta in ta taɓa ruwa.

Abin da ya kashe kifinka rashin iska ne. Nemi na'urar hura iska mai batir, wadda ke tashi da kanta in wuta ta ɗauke. Kada ka yi saurin cika tankin da sababbin kifi, kuma duk ranar da ruwa ya tsaya ka daina ba su abinci. Akwai kuma 'yar na'ura da ke kunna jar fitila a falo ta tura saƙo a waya in ruwa ya daina gudu. Sa lambar Wan-ju a ciki tare da taka. Gwiwoyinka za su huta.

Ka hana ni maganar asibiti, amma zan yi. Kana da gaskiya: dattijon da aka raba da abin da ke fitar da shi daga gado, saurin lalacewa yake yi, kuma mutuwar kifi ba ta nuna ka kasa riƙe kanka ba. Wan-ju ma tana da gaskiya. Ta hau jirgin nan tana zaton gawa za ta tarar, kuma ba inji ne ya hana ka jin bugun ƙofa ba. Je a auna kunnen, a ba ka na'urar ji, ka jure mata ko da ta dame ka a makonnin farko. Ƙararrawar ƙofa mai walƙiya da murhu mai kashe kansa ma suna nan a kasuwa.

Wannan sharaɗin naku kuwa, ku warware shi. Ba a jingine gidan mutum da farfelar roba. Kira ta tun kafin bikin, ka ce ta zo ta raka ka wurin likita, ku biya shagon injin tare. Ba zan yi maka alkawarin za ka ƙare kwanakinka a Chiayi ba; wataƙila ranar Taipei tana tafe. Amma in ta zo, gara ta same ku kun yi shawara, ba an sake kiran mai gyaran makulli ƙofarka ba.

Ina yi maka fatan lafiya da sauƙin guguwar bana, kai da sauran karfasan.

Malama Kao