A Cire Kwaɗon da Aka Sa wa Ɗakin Kimiyyar Zongo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Reshen Jam'iyya na Unguwar Zongo, Lome.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Baba Alhaji, ni ce Hadiza mai gwajin jini a asibiti, 'yar marigayi abokinka mai sayar da atamfa a kasuwar Assigame. Na zo gidanka, an ce kana barci. Na je ofis, an ce kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Na farko. Ni da abokan karatuna, 'ya'yan Zongo da muka yi lakwal, wato makarantar boko, mun kafa ƙungiyar koya wa yaran unguwa kimiyya kyauta duk Asabar. Kai da kanka ka ba mu aron ɗakin reshe. Amma alli kawai muke da shi. Na gaji da zana ƙwayar cuta a allo, yara suna cewa na zana gujiya. Muka shirya tombola, wasan sayen tikiti a zaro lamba a ci kyauta, don mu sayi madubin da zai nuna musu ita ido da ido. Wani tela ya ba da keken ɗinki ya zama babbar kyauta.

Na biyu. Liman ya ce tombola caca ce, ba ruwansa. Na yi ta zarya har ya sassauto, bisa sharaɗin kowa ya sayi tikiti da niyyar sadaka, kuma shi da hannunsa zai zaro takardar daga ƙwarya. Na yi masa alkawari a gaban almajiransa cewa abin da ya zaro shi zan karanta.

Na uku. Mun kai maka tikiti mai lamba ɗaya don girmamawa, kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Ranar taron, Asabar ɗin bayan ƙaramar Sallah, sakatarenka ya raɗa mini cewa a duk tombolar da aka yi a nan, lamba ɗaya ce ke cin babbar kyauta, shugaba ya ɗauki hoto da ita, sannan ya ba wanda ya ga dama. Wallahi ban san da wannan al'ada ba, kuma ko da na sani amsata ɗaya ce. Liman ya zaro, na karanta abin da na gani. Afi ce ta ci, matar nan Ba'ewiya 'yar asalin garin nan, mai soya kifi a bakin titi, wadda ta sayi tikiti da warin mai a hannunta. Ta yi ta rawa, kai kuma ka tashi ba sallama.

Na huɗu. Da gari ya waye mun tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin. Madubin da muka saya da kuɗin tikiti tun kafin taron yana ciki, ko kwalinsa ba a buɗe ba. Aka ce ƙungiyarmu ba ta da ɗa'a ga jam'iyya. Baba Alhaji, wace rana aka kira yaranmu rawar animasiyon ta yabon jam'iyya muka hana su? Sun yi tsalle a rana sun yi waƙa har muryarsu ta dushe. Wannan sharri ne, kuma ya ƙona mini rai.

An aiko mini cewa in nemi gafara a gaban kwamiti, in ce na yi kuskuren karanta lamba, a karɓo keken daga hannun Afi. Ba zan yi ba. Na san ana iya canza mini wurin aiki a jefa ni can arewa. A jefa ni. Ƙarya dai ba zan yi wa Liman ba, kuma ba zan mai da matar nan ɓarauniya ba.

Buƙatata ita ce a cire kwaɗon kafin Asabar. In ɗakin ya gagara, a fito mana da madubinmu, kuɗin talakawa ne. In shi ma ya gagara, zan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin in yi darasi a nan, mai wucewa ya tambaya in gaya masa dalili.

Abu na ƙarshe. 'Yarka Ramatu tana cikin ɗalibaina, kuma babu wanda ya kai ta ƙoƙari. Duk yaran sun tambaye ni me ya sa aka rufe ɗakin, ban da ita. Tun ranar ba ta ƙara iya ɗaga kai ta dube ni ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa 'ya'yanka su yi alfahari da kai.

Wassalam.
'Yarka, Hadiza, Zongo.