Turminki da Kiɗan Ma'u

Zuwa ga matata Rabi, Maman Ma'u,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake iya aika wa wanda ya riga shi, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, makwancinki ya yalwata. Idan kin tambaye mu, muna nan Makka, a gidan da kika bar mu a Ka'akiyya, hawa na uku, ni da 'yarki. Lafiyar jiki kam alhamdu lillahi. Hankali ne ba ya kwance.

Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. A shafina na intanet zan sa ta, mutane su karanta, domin magana ta riga ta zaga daga nan har unguwar Zahir cewa 'yar Rabi tana da aljanu. Gara su ji daga bakina. Amma da ke nake magana, tunda ke kaɗai ce kike gaya min gaskiya ba tare da kin sa mata sukari ba.

Shekara uku ke nan da rasuwarki. Ma'u ta kai sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma saura kwana tara ta fara jarrabawar da ta ɗora duk burinta a kai. Yau kwana ashirin rabon da ta yi min magana da Hausa. Ni na jawo, Rabi, bari ki ji yadda aka yi.

Wata Talata na tafi Zahir gyaran mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, na tarar mai gidan ya fita bai bar makulli ba. Na yi la'asar a masallacin unguwar na juyo gida, lokacin da ban saba dawowa ba. Tun daga matakala na fara jin wata murya. Murya ce ta ƙaton namiji, mai kauri, tana fitowa daga can ƙasan maƙogwaro kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Daga gidanmu take fitowa. Jakar kayan aikina ta suɓuce daga hannuna.

Na tura ƙofar ɗakinta. Ba kowa a ciki sai ita. Tana zaune a ƙasa, littattafai sun kewaye ta, gashinta a warware ya rufe fuska, idonta a rufe, tana kaɗa kai gaba da baya da ƙarfin gaske. Muryar nan kuwa daga bakinta take fita, da wani yare da ban taɓa ji ba. Sau uku na kira sunanta, ko gezau ba ta yi ba.

Ke ma kin ga irin wannan. Kin tuna 'yar maƙwabtanmu a Nakkasa, tsohuwar unguwarmu, wadda aka yi wa ruƙya muna tsaye a bakin ƙofa, muryar namiji tana magana ta bakinta? Wallahi abin da ya faɗo min a rai ke nan, ba wani abu ba. Ban ga siririyar wayar da ta bi ta cikin gashinta zuwa kunnuwanta ba. Ban ma tsaya dubawa ba. Na ja ƙofar a hankali, na sauka ƙasa, na kira babbar yayata, Yaya Hajara.

Kin san Yaya, ba ta yin abu rabi. Kafin magariba ta iso da jarkar zamzam, da garin magarya, da man habbatus sauda, da wani malami dattijo, ga kuma mata biyu 'yan hawa na biyu da ta kwaso a kan matakala don su taya riƙo. Ma'u ta fito ta ga falo cike, ta yi turus. Da ta gane abin da ake nufi sai ta fara bayani, wai kiɗa take ji a waya, tana bin mawaƙin ne. Wai sunan kiɗan metal, wato ƙarfe da Turanci, kuma haka mawaƙansa suke yi da murya.

Yaya ta ce a kunna a ji. Aka kunna. Rabi, ni mai aiki da injuna ne, amma ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ganguna suna gudu kamar an biyo su, wani abu yana kuka kamar injin yankan ƙarfe, ga wani bawan Allah yana gurnani a kai. Ɗaya daga cikin matan nan ta yi salati ta fice, har yau takalminta ɗaya yana gidanmu. Yaya ta dafe ƙirji ta ce ai shi ke nan, ta nan ya shiga.

Ga wurin da nake so ki yi haƙuri da ni. Da malam ya fara karatu, Ma'u ta yunƙura za ta tashi, aka ce a riƙe ta. Ni na riƙe hannayenta, da hannun nan nawa. Ta dube ni ido cikin ido, hawaye yana zuba, ta ce da Hausa, irin Hausarki sak: “Baba, ni ce. Wallahi ni ce.” Yaya ta ce ai haka suke cewa. Sai na ƙara damƙewa. Washegari na ga shatin yatsuna a wuyan hannunta lokacin da take miƙo min shayi.

Malamin nan mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Da ya gama karatu na rako shi, a kan matakala ya tsaya ya ce min: “Ni ban ga komai a jikin yarinyar nan ba. Kukan da take yi irin na mutane ne.” Karatun Alƙur'ani waraka ne, ban taɓa shakka ba, kuma laifin ba na karatun ba ne. Laifin na uban da ya ji muryar 'yarsa bai gane ta ba ne. Da na koma sama na tarar Yaya ta riga ta jefa wayar da abin kunnen a jakarta. Ta ce karatu ne ya yi wa yarinya yawa har ya fara taɓa mata kai, a bar ta ta huta. Na bar ta ta tafi da su.

Tun daga ranar gidan ya mutu. Tana girki, tana shara, tana zuwa makaranta, in ta shiga ɗakinta sai ta murza makulli. In na yi mata magana sai ta ce da Larabci “tayyib” ko “hadir”, wato “to”, da ladabi, kamar mai amsa wa baƙo a ofis. Kin san yaran da aka haifa a nan, Larabci ya fi musu sauƙi a baki, amma ke kika kafa doka cewa a cikin gidan nan Hausa za a yi. Shekara uku bayanki ta riƙe dokar. Yanzu ta ajiye ta, kuma ba ni da bakin da zan ce ta ɗauka.

Ranar Lahadin makon jiya malamarsu ta lissafi ta kira ni. Abla, kamar yadda suke kiran malama a nan, ta ce Ma'u, wadda ba a taɓa shan gabanta ba tun ajin farko, ta miƙa takardar gwaji rabinta fari fat. Kunya ta rufe ni, amma na faɗa mata komai. Na ɗauka za ta yi salati, sai na ji ta yi ajiyar zuciya kawai. Ta ce ta san da kiɗan. Ta ce a shekarunta na koyarwa ta lura yara masu kaifin ƙwaƙwalwa kansu ba ya hutawa, kowacce sai ta nemi abin da za ta danne hayaniyar da ke ciki da shi. Ta ce ta ma taɓa karanta cewa a cikin haziƙan yara akan sami masu son irin wannan kiɗan sosai.

Na yi ta juya maganar nan a raina. Ni dai ban yarda cewa ƙara tana ƙara wa mutum basira ba. In da haka ne, da masu waldan Ka'akiyya duk sun zama likitoci, ni kuwa da na shekara ashirin da kai a cikin inji da yanzu ni ke ƙera jirgin sama. Ita ma Abla ba haka ta ce ba. Cewa ta yi kan da yake gudu da yawa shi yake neman abin da zai yi tsere da shi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah masani. Ƙwaƙwalwar Ma'u kam na san inda ta samo ta, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke da ba ki wuce aji huɗu ba, sai ki kalli mace sau ɗaya a wurin walima, ki dawo gida ki yanka mata abaya ba tare da kin auna ta ba, kuma ta zauna mata cif.

Da alama Abla ta yi mata magana, domin ranar Talata na buɗe jakar kayan aikina na ga takarda a naɗe a kan filaya. Da Larabci ta rubuta, na daɗe ina haɗa baƙi kafin na gama. Ta ce tun da Mama ta rasu gidan ya yi shiru da yawa. Ta ce in ya yi shiru, sai ta riƙa jin ƙarar injin numfashin da aka sa miki a watanki na ƙarshe, tana ji yana shiga yana fita, ba ta iya karanta ko layi ɗaya. Ta ce in ta sa kiɗan nan, komai sai ya kau, ya rage daga ita sai lissafi. Ba ta sa gaisuwa a farko ba, ba ta sa sunanta a ƙarshe ba.

A gidan mutane nake, a kan tsani, na sauko na zauna a ƙasa. Shekara uku yarinyar nan tana ɗauke da wannan a ɗakin da ke jikin nawa, ni kuwa ina murna wai Allah ya ba ni 'ya mai haƙuri, ba ta kuka.

Nan take turminki ya faɗo min a rai, wanda kika sa alhazai suka taho miki da shi daga Kano. Kin tuna shekarar da Innarki ta rasu a gida, iƙamarki, wato takardar zamanki a ƙasar nan, tana wurin sabuntawa, ba halin tafiya? Ba ki yi kuka a gabana ba. Kin jawo turmi tsakar gida a Nakkasa, kika zuba barkonon da ya riga ya zama gari, kika yi ta luguden taɓarya har maƙwabta suka leƙo suna atishawa. Da na zo zan karɓe taɓaryar kika ce: “Ka bar ni, Baban Ma'u, ba barkonon nake dakawa ba.” Na bar ki. Ke na gane ki, ita ce na kasa ganewa.

Kada ki ɗauka hankalina ya kwanta da kiɗan nan. Ina! Na san abin da malamai da yawa suka faɗa a kan kiɗa, kuma a Makka muke, garin da mutane ke kuka don su samu su taka shi sau ɗaya. Ban san abin da mutumin nan yake gurnani a kai ba, ko zagi ne ko saɓo, kuma wannan tsoron bai bar ni ba har yanzu da nake rubutu. In na hana ta, ina kallo tana narkewa. In na bar ta, ina tsoron tambayar da za a yi min a kanta gobe ƙiyama. Gaba kura baya sayaki. Abin da na yanke shi ne, ranar da ta sake sakin jiki da ni, zan zauna ta fassara min waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, abin da ya taɓa addini mu watsar tare. Amma kafin a kai nan sai ta yarda ta zauna kusa da ni tukuna.

Jiya bayan azahar na tafi Zahir wurin Yaya. Ita ta goya ni, kuma tunda nake a duniya ban taɓa ce mata a'a ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce wayar Ma'u na zo karɓa. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ciro ta ta ajiye a ƙasa, ba ta miƙa min a hannu ba. Ta ce duk abin da ya biyo baya babu ruwanta. Na san sai na yi zarya kafin ta huce, kuma na san tsoro ne ya sa ta yi abin da ta yi, irin wanda ya kama ni.

Na dawo na tsaya a ƙofar ɗakin Ma'u, na ƙwanƙwasa. Daga ciki ta tambaya da Larabci ko wane ne. Na ce: “Ni ne, Ma'u.” Ina rufe baki na ji nauyin abin da na faɗa. Kalmomin nan biyu ta faɗa min tana kuka na ƙi yarda, ga shi na zo ƙofarta da su ina so ta yarda da ni. Na tsaya ina jira. Can ta buɗe ƙofar kamar faɗin tafin hannu, ta karɓi wayar, ta mayar ta rufe.

Yanzu la'asar ta wuce, ina zaune a falo, turminki yana kife a kusurwar da kika bar shi. Daga ɗakinta ina jiyo wani ɗan zuuu ƙasa-ƙasa, sai kuma ƙarar takarda in ta juya shafi. Na ƙirga, shafi shida ta juya tun da na fara wasiƙar nan. Ban sani ba ko kwana tara za su ishe ta ta cike abin da na ɓarar mata. Ban sani ba ko za ta sake kira na Baba da irin muryar da. Abu ɗaya dai na lura da shi, yau ba ta murza wa ƙofar makulli ba.

Ita ce, Rabi. Tun ranar nan ita ce, kuma na shaida hakan a gaban duk mai karanta wannan takarda.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya buɗe wa Ma'u ƙirjinta ranar jarrabawa, ya tsare mata imaninta, ya kore mata ƙarar injin nan daga kunnenta. Ni kuma Allah ya yafe min riƙon da na yi mata, ya sa ita ma ta yafe. Amin.

Naki har mu tarar da ke,
Baban Ma'u