Sarkin Cikin Zane Bai Gudu Ba

Declan, rabin raina, ranata mai leƙowa bayan ruwan kwana uku, shayina mai zafi a safiyar ƙanƙara, sarkin masu gyaran rufi na unguwar Peckham kaf!

Yau dai ga Kayleigh da biro, ni da ko abinci ba na ci sai da waya a hannu. Saƙo goma sha ɗaya ka buɗe, ko uffan. To wannan wasiƙar ta ƙarƙashin ƙofa zan turo ta, in ga ta inda za ka ɓulle.

Ka tuna Asabar ɗin nan a gidan zane-zane? Ka sha kwat ɗin bikin yayanka, wuya ya shaƙe ka, ka yi ta jana ɗaki bayan ɗaki har gaban dogon zanen nan na zamanin Sarauniya Victoria. Sarki cikin sulke zaune a ƙasa, kambinsa a cinya, ya ɗaga ido yana kallon wata 'yar talakawa da ko takalmi ba ta da shi. Wayyo wannan kallo! Ni kuwa uwar son hoto ina can ina saita waya, sai kawai ka durƙusa. Ƙafarka ta tsallake igiyar da aka gitta, ƙararrawa ta kaure, mai gadi ta taho da gudu wai Malam a ja da baya. Kunnuwanka suka yi jawur, ka miƙe, ka ce wai ɗaure takalmi kake. Haba Declan! Takalmin da ba shi da igiya? Ai na ga ɗan akwatin zoben neman aure a hannunka.

Na yi dariya, na sani. Har da riƙe ciki. Amma masoyi, daɗi ne ya yi min yawa ya rasa ta inda zai fito! Bidiyon ma na goge, ko Shanice aminiyata ba ta gani ba, ka kuwa san wannan a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Na binciko mai zanen a waya. Wani mai dogon gemu, fuska kamar an hana shi shayi. Wai shekaru ya kwashe kan zanen nan ɗaya, goge nan, gyara can, duk don ya zaunar da sarki guda a ƙasa. Kai daƙiƙa huɗu ka yi a ƙasa ka sallama? Kuma ka lura yarinyar ko kallon sarkin ba ta yi? Shekara ɗari da ɗoriya bawan Allah yana zaune yana jira, bai yi fushi ya kashe waya ba. Ni fa ina kallonka. Tun ranar nake waiwaye a tashar bas kamar wadda ta yar da abu. Mako biyu babu muryarka, na bushe kamar furen da aka manta a bakin taga.

Litinin za ka tafi aiki Aberdeen, wata shida cur. Da zoben a aljihu za ka tafi, kana zaton raina ka na yi? Ina! Tunda ƙararrawa ta ƙwace maka tambayar, ni bari in yi ta. Declan, za ka aure ni?

Ranar Lahadi Mama za ta gasa kaza, ƙarfe ɗaya. In na hango ka ta taga, na samu amsata. In ba ka zo ba, akwai jirgin ƙasa mai zuwa Aberdeen, na riga na duba lokacinsa.

Taka ce ni, yau da gobe, har ranar da furfura za ta gagari rini,
Kayleigh