Kwamfutar Makaranta Ta Koma Larabci, Zan Ja wa Mijin Ƙanwata Yasin

Gwaggo Zinariya, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙoƙari? Don Allah ki taimake ni da shawara kafin wata ya tsaya, don in ba a tare ni ba, abin da zan yi ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi da ke Batsari, amma asalina mutumin Wagini ne. Da ɓarayin daji suka hana mu noma, na kwaso matata da ɗiyana muka shigo gari. Malam Badamasi, mijin ƙanwata Hansai, shi ya ba mu ɗaki a gidansa. Larabci yake koyarwa a makarantar, kuma ban musa ba, shi ya yi mani hanyar aikin. Amma Gwaggo, kin san zafin babban wa ya zauna ƙarƙashin mijin ƙanwarsa? Tun da aka cire tallafin mai, masara ta gagari talaka, na lura kwanon tuwon da ake miƙo mana kullum raguwa yake. Bai taɓa yi mani gori da baki ba, amma ina ganin abin a idonsa.

Kwamfuta ɗaya gare mu a makarantar, ta tafi-da-gidanka, kowane malami da sunansa da kalmar sirrinsa. A shagon mai caji ake cika ta, saboda haka in ta zo hannunka sai ka yi sauri. Na sha wahala na buga tambayoyin jarrabawar ajujuwana duka na adana. Kwatsam Badamasi ya ɗauke ta ya hau motar Katsina, wai zai kai a sa mata Larabci, ya gaji da rubuta nasa tambayoyin da hannu. Mai makaranta kaɗai ya gaya wa, mu sauran ko oho.

Da ta dawo na kunna, sai na tarar komai ya juya. Rubutun ya koma Larabci, abin da ke hagu ya koma dama. Na ce ba komai, ai na san inda ake sa kalmar. Na buga, ta ƙi. Kalmar nan sunan fadamar mahaifinmu ce da muka baro, ko daga barci aka tada ni ba zan kuskure ta ba. Na sake bugawa da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo, ɗige-ɗigen suka cika daidai yadda suka saba, ta sake ƙi. Ina gumi, caji na tafiya. Shi kuwa gogan ya zo ya zauna, ya daddanna 'yan lambobinsa a layin sama, nan take ta buɗe mashi, malamai suna kallo.

To ni ba yaro ba ne. Mai makaranta ya riga ya ce zai rage malamai saboda iyaye na cire yara. Badamasi kuma yana da ƙane, Jabir, da ya karanta lissafi yana zaune ba aiki. Sai an yi mani bayani? Sun haɗa baki da mai gyaran Katsina an canza mani kalma, don in kasa fitar da jarrabawa a sallame ni a ɗauki Jabir.

Zuciya ta ciyo ni, na wanke shi tas a ofis, na kira shi munafuki, maci amana. Ya fita ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bai taɓa kalmata ba, bai kuma sa kowa ya taɓa ba. Wannan rantsuwar ta fi komai tsaya mani a rai. Ashe mai koya wa yara Alƙur'ani zai dafa shi a kan ƙarya? Tun ranar ko gaisawa ba mu yi, a masallaci ma ba na tsayawa gefensa. Tuwon da Hansai ke aikowa mayar da shi nake yi ko buɗewa ban yi ba, gara ɗiyana su sha gari. Shi kuma ya sha mur, ko leƙa kwamfutar nan bai yi ba don ya ga abin da ke damuna.

Na je Safana wurin wani malami na ce a ja Yasin a kan wanda ya yi mani wannan aiki. Ya ce in saurara sai wata ya tsaya. Hansai ta samu labari, ta zo da tsohon cikinta ta durƙusa tana kuka, wai Yaya in dubi Allah in dubi abin da ke cikinta. Na ce mata in mijinta na da gaskiya, me take tsoro? Ta tashi da ƙyar ta fita, tun lokacin ba ta ƙara ɗaga ido ta dube ni ba.

Gwaggo, ko akwai yadda zan kama shi ta cikin kwamfutar, in kunyata shi gaban mai makaranta? In babu, in bari a ja Yasin ɗin? Kada ki ce mani in yi haƙuri, na ƙoshi da shi.

Babban Wa da Aka Rufe wa Ƙofa, Batsari

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Cewa zan yi ka sauko, ka dubi ƙasan fuskar kwamfutar nan.

Ina da yaƙinin ba wanda ya canza kalmarka. Mai gyaran da ya sa Larabci ya ɗora shi ne har a kan fuskar shiga, yare da kibod duka. Kana danna haruffan boko, ita tana rubuta na Larabci, kai kuma ɗige-ɗige kawai kake gani. Badamasi lambobi yake sawa, lambobi kuwa ba sa canza wuri a kibod ɗin Larabci. Abin da ka ɗauka hujja ke nan.

Ka kunna ta. A kusurwar ƙasa, kusa da alamar kashewa, za ka ga harafin ع ko ARA. Danna shi ka zaɓi ENG. Ko ka riƙe maɓalli mai hoton taga ka taɓa dogon maɓallin ƙasa. Akwai kuma ɗan hoton ido a gefen gurbin kalmar, in ka danne shi za ka ga abin da kake rubutawa. Don kada a riƙa maimaita wannan, ku mayar da yaren fuskar shiga zuwa Turanci daga ciki, ku shiga Control Panel, sai Region, sai Administrative, sai Copy settings, ku sa alama a kan fuskar maraba. Larabcin Badamasi na nan, duk lokacin da ya so zai juya. Ka kuma canza kalmar da kanka, tunda ka gaya wa duniya sunan fadamarku ne. In duk ka yi ta ƙi, ku ɗauke ta ku biyu ku je Katsina.

Badamasi ma yana da nasa. Kayan jama'a ne, ya kamata ya sanar da ku, kuma da ya zauna gefenka ya duba da tuni an wuce wurin. Na kuma san ciwon mai gona da ya koma jiran kwano, ban raina shi ba.

Amma laifinka ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mutum ya ba ka ɗaki, ya nema maka aiki, ka kira shi munafuki gaban abokan aikinsa. Ya dafa Alƙur'ani ka ƙaryata shi. Ka hana yaranka tuwo don fushin da ba su san dalilinsa ba. Kwanon da ka ce yana raguwa, ka taɓa tambayar Hansai abin da ke saura a nasu bayan an zuba maku?

Yasin kuma, malamin Safana ya yi maka gata da ya ce ka jira. Za ka roƙi Allah ne ya saka wa wanda aka zalunta. Kafin ka ɗaga hannu, ka tsaya ka tabbatar wane ne aka zalunta a gidan nan.

In ta buɗe, kada ka fara da tambayoyin jarrabawa. Ka aika Safana a fasa. A ofis ka zage shi, a ofis za ka ba shi haƙuri, gaban waɗanda suka ji. Daga nan ka shiga wurin Hansai da ƙafarka, kada ka bari ta shiga naƙuda da tsoron addu'ar wanta. In ta miƙo tuwo, ka buɗe ka ci.

Allah ya sauke ta lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya mayar da ku fadamar mahaifinku cikin aminci.

Gwaggo Zinariya